Tarihin Jack Barry Mai Gasar Tambayoyi, da Abin da Algus Ya Jawo Masa

Wannan labarin wani mutumin Amurka ne wanda ya yi suna a talabijin, sunan ya zube saboda ha'inci, sa'an nan ya yi shekaru yana neman mayar da shi.

An haifi Jack Barry ran 20 ga watan Maris 1918 a garin Lindenhurst cikin jihar Niyok. Ya yi karatun ciniki a makarantar Wharton ta Jami'ar Pennsylvania, amma bai zauna kanti ba, sai ya shiga aikin rediyo. A gidan rediyon WOR ya gamu da Dan Enright, suka ƙulla tarayya, Enright yana tsara shiri a bayan fage, Barry kuwa yana tsayawa gaban jama'a, don yana da fasahar baki da sakin fuska. Cikin 1946 suka fara wani shiri mai suna Juvenile Jury, inda akan tara yara ƙanana a kawo musu matsala su ba da shawara. Cikin 1947 shirin ya koma talabijin. Daga baya suka yi irinsa da tsofaffi waɗanda suka kai shekara 80.

Cikin watan Satumba 1956 suka buɗe gasar Twenty-One a tashar NBC. Ga yadda take: mutum biyu, kowa a shigar da shi ɗakin gilashi inda ba ya jin ɗan'uwansa, ya zaɓi tambaya mai maki daga 1 zuwa 11 gwargwadon wuyarta, wanda ya riga kai 21 shi ya ci. Daren farko an yi gaskiya, masu gasar suka yi ta faɗuwa, kamfanin maganin Geritol wanda ke biyan kuɗin shirin ya nuna fushinsa. Daga nan Enright da ma'aikatansa suka shiga ba masu gasa amsa tun kafin a hau, har a koya musu inda za su yi jinkiri da inda za su share gumi.

Ran 5 ga Disamba 1956 aka sa Herbert Stempel, wanda ya daɗe yana ci, ya ba da amsar kuskure da gangan ga tambayar da ya sani sarai, domin Charles Van Doren, malami a Jami'ar Columbia, ya hau. Van Doren ya tara dala 129,000, iyaye suna nuna wa 'ya'yansu shi a kan misalin mai ilmi. Amma Stempel bai haƙura ba, ya yi ta kai ƙara, har hukuma ta soma bincike. Cikin Oktoba 1958 aka soke shirin. Ran 2 ga Nuwamba 1959 Van Doren ya amsa laifinsa gaban kwamitin Majalisar Dokokin Amurka, cikin 1960 kuma Majalisa ta yi doka ta haramta maguɗi a irin wannan gasa.

To, ko da yake Enright ne ya tsara dabarar, kamfanin nasu ne su biyu, fuskar Barry kuma ita jama'a suka amince wa. Saboda haka manyan tashoshi suka rufe masa ƙofa. Ya koma ƙananan ayyuka a Los Angeles da ƙasar Kanada, daga baya ya sayi wani ƙaramin gidan rediyo a Redondo Beach cikin jihar Kalifoniya. Sai cikin 1969 tashar ABC ta yarda ya riƙe wani shiri na ɗan lokaci. Ran 4 ga Satumba 1972, shekara 14 bayan faɗuwarsa, tashar CBS ta fara nuna sabuwar gasarsa, The Joker's Wild, ta karɓu ƙwarai. Ya sake haɗa kai da Enright, suka sami dukiya mai yawa. Ran 2 ga Mayu 1984 ciwon zuciya ya kama shi yana gudun motsa jiki a lambun Central Park na birnin Niyok, ajali ya cim masa yana da shekara 66. Cikin 1994 Robert Redford ya yi fim a kan wannan al'amari.

Masu awo a kasuwar shinkafa ta Tudun Wada, da fataken Bebeji da Kiru da Doguwa, sun san wannan hukunci tun kaka da kakanni: wanda aka kama da mudu biyu, ko abokin cinikinsa ne ya lanƙwasa mudun, rumfar duka ake ƙaurace wa. Haka kuma malamin da aka ɗora a kan alƙalancin musabaƙa, in ya raɗa wa almajiri amsa, ya cuci wanda ya kwana bisa allo, ya kuma zubar da darajar wanda ya ci da gaskiya. Barry ya mayar da dukiyarsa, amma har yau ba a ambaton sunansa sai an ambaci Twenty-One.

Tamat.