Malam Ibrahim na Kano, Jagoran Isawa

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, duk sa'ad da aiki ya kai ni Ningi daga Dutse ta hanyar Birnin Kudu, sai in tuna da Malam Ibrahim, wanda ba mu karanta shi a ajin tarihi ba.

Malami ne a birnin Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, lokacin Dutse tana ƙarƙashin Kano. Bisa labarin da aka gada, cikin nazarin Alƙur'ani ne hankalinsa ya tsaya a kan Annabi Isa, har ya riƙa fifita shi a wa'azinsa. Almajirai suka taru, aka sa musu suna Isawa. Hukuma ta nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kano wajen 1867. Mabiyansa suka watse, wasu suka fake a duwatsun Ningi.

Shi dai bai taɓa ganin ɗan mishan ba, Littafi Mai Tsarki kuwa bai fito cikakke da Hausa ba sai 1932. Saboda haka mu Kirista muke ba da misali da shi. A koyarwarmu, karatu da kaifin ƙwaƙwalwa ba sa isa mutum ya gane gaskiyar ruhaniya, sai Ruhu Mai Tsarki ya haskaka zuciya. Waliyyi Agustin, ɗan Afirka ta Arewa da ya rasu a 430, ya kwatanta abin da ido da rana: komai lafiyar ido, ba ya gani cikin duhu. Na san abokaina Musulmi suna da tasu fahimta, su ma Isawan farko Musulmi suka ɗauki kansu.

A 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka nemi Likita Mila a Zariya, suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu zango a Gimi. Ciwon barci ya kashe da yawa, sauran suka koma Zariya, daga baya Wusasa. Daga wannan tsatso Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Mun kwana ɗaki ɗaya, mun ci kwano ɗaya, ba a tambayi addinin kowa ba. Shi ya sa na kawo labarin nan gidanmu. Allah ya bar zumunci, amin.