Abubakar Imam: Malamin Turancin da ya zama uban rubutun Hausa

Idan kana aji shida na sakandare a Dogarawa, ko Samaru, ko Sabon Gari, ba sai an gaya maka darasin da ke hana ɗalibai barci ba. Turanci ne. Ka ci lissafi, ka ci kimiyya, amma in babu kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, jami'ar ABU da ke nan kusa da gidanku sai dai ka riƙa hangen ƙofarta daga cikin a-daidaita. Shi ya sa yau za mu waiwayi wani mutum da ka san littafinsa tun kana firamare, amma da wuya ka san aikinsa na farko. Alhaji Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce, malamin Turanci ne kafin ya zama marubuci.

An haife shi a Kagara, cikin jihar Neja ta yanzu, a 1911, a gidan malamai. Karatun allo da Larabci ya fara sani. Ba a Turanci a gidansu, babu rediyo, balle waya. A 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya gama a 1932. Wannan makaranta ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta dawo Zariya a 1949, yau kuma kake kiran ta Barewa. Ta yi suna wajen matsa wa ɗalibai kan furta Turanci daidai, ba rubutu kaɗai ba. Shekara ɗaya bayan shigar Imam, wani yaro daga ƙasar Bauchi ya biyo shi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya Turawa da kansu suka riƙa yaba muryarsa da lafazinsa. Ka ga ke nan harshen Bahaushe ba shi da wata nakasa. Abin da kunne ya saba ji, shi baki ke maimaitawa.

Yana gama kwaleji aka ba shi koyar da Turanci a Midil ta Katsina. Yana can, a 1933, Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Imam, ɗan shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja. Yayansa Bello Kagara ya aika da Ganɗoki, Tafawa Ɓalewa ya aika da Shaihu Umar. East ya ga yaron nan na da hannu, sai ya nemi a ba shi aron sa.

To a nan nake so ka tsaya, don a nan darasinka yake.

A 1936 Imam ya zo Zariya ya yi kimanin wata 6. East ya tara masa littattafai na Turanci da na Larabci: tatsuniyoyin Turai, labaran Dare Dubu da Ɗaya, hikayoyin Indiya da Farisa inda aku ke ba da labari. Aikinsa ya karanta, ya gane, sannan ya sake gina labarin da Hausa. Daga nan aka sami Magana Jari Ce, juzu'i 3, labarai sama da 80. Ɗauki Labarin Kalala da Kalalatu. Masu nazari sun gano tushensa a wata tatsuniyar Jamusawa da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara, ta wata mai girki da ta cinye kajin da aka gasa wa baƙo, ta tsorata baƙon cewa maigida kunnensa zai yanke, ta kuma ce wa maigida baƙo ya gudu da kajin. Amma wa ya taɓa karanta na Imam ya ji ƙanshin Jamus? Babu. Sai ka rantse a bayan gidanku abin ya faru.

Wanda bai fahimci rubutu ba ba zai iya wannan ba. Iyakarsa ya kwafa. Kuma abin da mai maki ke nema a wurinka ke nan a takarda ta 2. Sashen da ake ba ka rubutu ka amsa tambayoyi, da sashen taƙaitawa, duk gwaji ɗaya ne: ka gane abin da aka ce har za ka iya faɗin sa da kalmominka? Ɗalibai da yawa suna ɗauko jimlar marubuci sukutum su dire a matsayin amsa, kuma a taƙaitawa wannan na cinye maki. Gwada hanyar Imam a daren yau. Buɗe labari ɗaya a jaridar Turanci a wayarka, karanta sau biyu, kife wayar, ka ba ƙanwarka labarin da Hausa. Duk inda ka yi tuntuɓe, nan ne ba ka gane ba. Koma ka duba. Bayan nan ka rubuta gundarin labarin da Turancinka cikin jimla 3, ba tare da leƙe ba. Ni a ganina wannan ya fi haddar amsoshin tambayoyin baya amfani nesa ba kusa ba, don rubutun bara ba zai sake fitowa bana ba.

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa na farko. Watanni kaɗan sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Labaran yaƙi da Turanci suke isowa, shi kuwa sai ya mayar da su yadda manomi a Giwa ko Soba zai gane in an karanta masa a dandali. Ya shafe shekaru yana wannan aiki, har aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945.

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya shiga tawagar editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe. A can babu mai rage masa gudun magana kamar a aji. Dole kunne ya yi aiki. Ya gana da Lugga, wanda ya ci ƙasar Arewa da yaƙi shekara 40 kafin nan, ya zayyana masa matsalolin Arewa da harshen Luggan. A wannan tafiya Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, editoci suka sa hannu, Imam ya ƙi, don yana ganin ba ta dace da halin da Arewa ke ciki a lokacin ba. Har gobe ana muhawara ko ya yi daidai. Abin da ba a musu a kai shi ne ya karanta ya san me takardar ta ƙunsa kafin ya yanke shawara. Kai fa, sharuɗɗa nawa ka danna wa amincewa a manhajojin ba da bashi ba ka karanta layi ɗaya ba? Labarin tafiyar yana cikin littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Batun kunne kuwa, kada takarda ta 3 ta ruɗe ka. A Najeriya a rubuce ake amsa tambayoyin lafazi, amma wanda bai saba jin kalma ba ba zai san inda nauyinta ya faɗa ba, ko me ya raba pan da fan, ko think da sink, wuraren da mu Hausawa muka fi zamewa. Su Imam bakin malami kaɗai gare su. Kai kana da labaran Turanci na rediyo da YouTube a aljihu. Minti 10 a rana, saurara ido rufe, faɗi abin da ka ji, sake saurara da rubutun ƙasan bidiyo a kunne ka ga abin da ya wuce ka. Datar ba ta kai wadda TikTok ke sha kafin azahar ba.

Daga baya Imam ya shiga siyasa, ya yi majalisa a shekarun 1950, ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa. Ya rasu a watan Yuni 1981, yana da shekara 70. Allah ya jiƙansa.

Tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya tace, kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1989, da Turanci yake. In kana neman abin da za ka fara gwajin taƙaitawa da shi, ka tambaye shi a laburare, ka fara da inda ya ba da labarin watannin nan 6 na 1936.