René Favaloro: Likitan Zuciyar da Bashi Ya Durƙusar

An haifi René Favaloro a birnin La Plata na Ajantina a 1923, mahaifinsa kafinta, mahaifiyarsa tela. Ya shekara 12 yana aikin likita a ƙauye kafin ya tafi asibitin Cleveland da ke Amurka a 1962. A can, cikin 1967, ya ciro jijiya daga ƙafar majiyyaci, ya yi wa jini sabuwar hanya da ta kewaye jijiyar zuciyar da ta toshe.

A lokacin, likitoci na ɗari-ɗari da yin tiyata ga wanda ciwon zuciya bai jima da kayarwa ba. Favaloro da abokan aikinsa suka nuna cewa muddin jini ya komo cikin sa'o'i 6 na farko, akasarin naman zuciyar kan farfaɗo. In aka makara, ya mace ke nan.

Ya koma gida a 1971, ya kafa gidauniyar da ke yi wa marasa hali tiyata. Hukumomin inshorar lafiya suka riƙe mata miliyoyin daloli, shi kuma ya ƙi ba da toshiyar baki. Ya rubuta wa Shugaba De la Rúa wasiƙar neman agaji, ba amsa. Ranar 29 ga Yuli, 2000, ya kashe kansa yana ɗan shekara 77.