Tarihin Paul Ehrlich, likitan da ya nemi maganin da ba ya kuskuren saiti

An haifi Paul Ehrlich ne ranar 14 ga watan Maris na shekarar 1854 a garin Strehlen, wanda a yau yake cikin ƙasar Poland. Ya kammala karatun likitanci a Leipzig a 1878, kana ya kama aiki a asibitin Charité da ke Berlin.

Tun yana ɗalibi ya lura cewa kowane irin rini yana da ƙwayoyin halittar da yake kamawa, ya ƙyale saura. Daga nan ya yi tunanin za a iya harhaɗa maganin da zai nufi cuta kaɗai ba tare da ya illata jiki ba, abin da ya laƙaba wa suna harsashin sihiri.

A shekarar 1908 ya samu kyautar Nobel tare da Élie Metchnikoff saboda bincikensu kan garkuwar jiki. A 1909 ya bayyana ra'ayin cewa garkuwar jiki tana murƙushe ƙwayoyin cutar daji da dama tun kafin su bunƙasa. A 1910 kuma aka fara sayar da Salvarsan, maganin tunjere da ya samar tare da Sahachiro Hata na Japan.

Sai dai ya rasu ranar 20 ga watan Agustan 1915 a Bad Homburg, ba tare da ya ci galaba a kan cutar daji ba.

Masana sun ci gaba da bin sawunsa. A 1995 Amurka ta amince da Doxil, maganin daji da ake ƙunshewa cikin ƙwayoyin kitse na nano, waɗanda faɗinsu bai wuce kashi 1 cikin 10,000 na milimita ba.

To amma garkuwar jikin da Ehrlich ya yi wa hidima ita ce ke tare hanya. Ƙwayoyinta da ke hanta da saifa kan ɗauki maganin tamkar baƙo, su haɗiye shi kafin ya isa ga ƙari. Don haka ake lulluɓe shi da sinadarin PEG domin ya daɗe a cikin jini, ko da yake jikin wasu majinyata kan yi masa bore yayin da ake ɗura musu shi.

Har yanzu dai burin marigayin bai kammala cika ba.