Magajin Keffi Ɗan Yamusa da Dutsen Maloni

Cikin abubuwan da ake fara nuna wa baƙo a Keffi akwai Dutsen Maloni, wanda matasa ke hawa don su hango garin daga sama. Abin da ke damuna shi ne, galibin masu hawan sun san sunan Baturen, amma ba su san tarihin wanda ya kashe shi ba. Shi ya sa na ga ya dace in ɗan gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai.

Ɗan Yamusa shi ne Magajin Keffi, wato wakilin Sarkin Zazzau a garin, domin a wancan zamani Keffi tana bin Zazzau ne. Jarumi ne mai faɗa a ji, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yana kai harin kama bayi. Wannan, tare da ƙin miƙa wuya ga Turawa, shi ya haɗa shi da Razdan, Kyaftin Maloni. A watan Oktoban 1902 Magaji ya kashe Maloni a Keffi, ya hau doki ya nufi Kano.

Sarkin Kano Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Gwamna Lugga kuwa ya kafa hujja da wannan, sojojinsa suka ci Kano a Fabrairun 1903. Magaji bai ajiye makami ba, ya bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda suka kwanta dama a fagen daga cikin Yulin 1903.

A ganina, duk wanda ya hau dutsen nan ya kamata ya tuna da wannan bawan Allah, da jarumtarsa da kuma aibinsa. Allah Ya jiƙan magabata, amin.