Tarihin Lucille Ball, Gwanar Ban Dariya Ta Amurka

Kamar yadda mutanen Arewa suka riƙa taruwa gaban akwatin talabijin don kallon Samanja Mazan Fama, haka mutanen Amurka suka riƙa yi wa wata mata mai suna Lucille Ball. Amma kafin ta kai ga wannan matsayi, sai da ta sha wuya ƙwarai.

An haife ta ran 6 ga Agusta, 1911, a garin Jamestown cikin Jihar Niu Yok. Tana da shekara 3 zazzaɓin taifot ya kashe mahaifinta. Da ta kai shekara 15 ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo, amma malaman suka aika wa mahaifiyarta cewa yarinyar ba ta da baiwar wannan sana'a.

Duk da haka ba ta karaya ba. Cikin 1933 ta tafi Holiwud, cibiyar sinima ta Amurka, inda ta fara da fitowa cikin 'yan rawa. Ta yi shekaru 18 tana fitowa a finafinai masu yawa, mafi yawansu ƙanana, ba tare da ta shiga sahun manyan taurari ba. Wajen yin wani fim ne cikin 1940 ta haɗu da Desi Arnaz, wani makaɗi ɗan ƙasar Kyuba, suka yi aure a shekarar.

Da kamfanin CBS ya nemi ya mai da wasanta na rediyo zuwa talabijin, sai ta kafe cewa mijinta ne zai fito a matsayin mijinta cikin wasan. Shugabannin kamfanin suka ƙi, wai jama'a ba za su yarda da Ba'amurkiya tana auren baƙo ba. Sai ma'auratan suka zaga garuruwa suna wasa a gaban mutane, jama'a kuwa suka yi na'am, kamfanin ya sauko.

Wasan I Love Lucy ya fara ran 15 ga Oktoba, 1951, lokacin tana da shekara 40. Ita da mijinta sun yarda a rage musu albashi, bisa sharaɗin finafinan wasan su zama mallakarsu. Wannan dabara ce ta azurta kamfaninsu, watau Desilu. Ran 19 ga Janairu, 1953, mutum miliyan 44 suka kalli kashin da ta haihu a cikin wasan, a ranar kuma ta haifi ɗa namiji na gaske. An yi kashi 180 kafin a rufe wasan cikin 1957.

Auren da ta tsaya wa bai ɗore ba, sun rabu cikin 1960. Cikin 1962 ta sayi rabon mijin, ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirya wasannin talabijin a Amurka. A zamaninta ne aka fara Star Trek. Ta sayar da kamfanin cikin 1967 kan dala miliyan 17.

Ta ci gaba da wasa har 1974. Da ta sake gwadawa cikin 1986, wasan bai karɓu ba, aka dakatar da shi. Ta rasu a Los Anjalis ran 26 ga Afrilu, 1989, tana da shekara 77. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse.