MIKA'ILU PUPIN: MAKIYAYIN DA YA ƘARA WA MURYA NISAN ZANGO

Waɗanda ke zaune a Dutsin-Ma da Kurfi da kewayensu ba za su manta da watan Satumba na shekarar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga da ɓarayin shanu. A cikin watannin nan mutum yakan yi doguwar tafiya don kawai ya ji muryar ɗansa da ke Kano ko Legas, ya san ko yana lafiya. A nan ne da yawa daga cikinmu muka gane darajar muryar da ke zuwa daga nesa. Mutumin da za mu ba da tarihinsa a wannan fitowa yana cikin waɗanda suka sa murya ta iya yin irin wannan doguwar tafiya a cikin waya, kuma abin mamaki, darasinsa na farko a kan wannan ilimi ya same shi ne yana gadin shanu da dare don gudun ɓarayi.

Sunansa Mihajlo Pupin, wato Mika'ilu. An haife shi a wani ƙauye mai suna Idvor a yankin Banat, wanda a zamanin yana ƙarƙashin daular Ostiriya, yau kuwa yana cikin ƙasar Sabiya. Littattafan Amurka sukan rubuta shekarar haihuwarsa 1858, amma littafin baftisma na majami'ar ƙauyensu ya nuna 1854, kuma ita ce mutanen ƙasarsa suke bi. Katikis da ke ganin cike rajistar baftisma aikin ɓata lokaci ne, sai ya lura da wannan. Mahaifinsa Konstantin da mahaifiyarsa Olimpiyada manoma ne, ba wanda ya iya karatu ko rubutu a cikinsu, ko da yake an sha zaɓen uban ya zama mai garin. Kiristoci ne na Ikklisiyar Otodoks, 'yan'uwanmu na Gabas waɗanda tarihi ya raba mu da su tun 1054, amma Ikklisiyar Katolika ta yarda da ingancin baftismarsu da firistocinsu. Paparoma Yohanna Bulus na II ya sha kwatanta Gabas da Yamma da huhu biyu na jiki ɗaya.

Idan aka yi hutun makaranta, akan tura yaran Idvor su kwana a makiyaya tare da shanun noman gari. Gefen makiyayar gonakin masara ne masu faɗi, kuma a cikinsu ɓarayi sukan laɓe suna jiran sa ya kutsa, su kora shi su ɓace kafin gari ya waye. Duk yaron da ya taɓa bin garke a dajin Barkiya ya san wannan fargaba. Ihu ba shi da amfani, domin ɓarawo ma zai ji. Sai yaran suka riƙe wata dabara da suka gada: kowane ɗaya yana da wuƙa mai dogon ƙota na itace, ya kafa ta cikin ƙasa, idan yana son ba da labari sai ya ƙwanƙwasa ƙotar, sauran kuwa suna kwance da kunne a ƙasa suna saurare. Ta haka suka gane cewa sauti ya fi tafiya nesa cikin ƙasa mai tauri a kan cikin iska, kuma ƙasar da aka yi wa huɗa takan shanye shi, don haka ɓarawon da ke cikin gona ba ya jin komai. Har takun shanun sukan ji ta ƙasa. Lokaci kuwa da taurari suke gane shi. Yaro Mika'ilu yakan kwanta yana duban sama yana tambayar kansa mene ne sauti, mene ne haske, kuma in ya kai tambayar gida, uwarsa takan amsa masa da Zabura ta 19, wadda ta haddace ta wurin ji a majami'a.

Wannan mata ita ce ginshiƙin labarin. Ita da ba ta san baƙi ba, ita ce ta matsa wa mijinta lamba har ya yarda a kai yaron makarantar birnin Panchevo, domin a ganinta rashin karatu makanta ce, ba ta kuwa so ɗanta ya gaje ta a nan. A can wani malami ya koya musu cewa walƙiya lantarki ce, kamar yadda Benjamin Franklin na Amurka ya gwada. Da yaron ya zo gida ya faɗi haka a gaban dattawa, ran mahaifinsa ya ɓaci ƙwarai, gama mutanen ƙauyen sun gaskata cewa tsawa ƙarar karusar Annabi Iliya ce tana ratsa sama. Uwar ce ta raba gardamar, ta tuna wa mijinta cewa Littafi Mai Tsarki bai faɗi haka a ko'ina ba, al'adar gari ce kawai. Mace marar karatu ta bambance tsakanin maganar Allah da tatsuniyar kakanni, abin da wani mai digiri kan kasa yi.

A 1872 aka mai da shi birnin Prag ya ci gaba da karatu, saboda ya shiga harkar matasan Sabiyawa masu adawa da hukuma. Yana can labari ya zo a 1874 cewa mahaifinsa ya rasu. Da ya ga zai zama wa gwauruwar uwarsa kaya, sai ya sayar da littattafansa da agogonsa, har da rigarsa ta fatar tunkiya, ya sayi tikitin jirgin ruwa mafi araha daga Hambug zuwa Amurka. Ya zaci ƙasar zafi ce, don ya ga hotunan mutanenta na asali ba su da tufafi masu kauri. Sanyin teku a watan Maris ya koya masa hankali. Kwana 14 ya yi, yawancin dare yana rakuɓe jikin bututun hayaƙin jirgin. Ya sauka New York da jar dara a kansa da kwabo 5 na kuɗin Amurka a aljihu, su ma ya sayi wata 'yar waina mai 'ya'yan itace, ya tarar yawanci ƙwallaye ne a ciki.

Shekara 5 ya yi yana aikin ƙarfi. Ya kora alfadarai a gonakin Delaware, ya yi fenti, ya ɗauki kwal zuwa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a lokacin da aiki ya yi wuya a birnin, daga bisani ya samu gurbi a wata masana'antar biskit. Da dare yakan je makarantar Cooper Union, inda ake koyar da ma'aikata kyauta, wani Bajamushe abokin aikinsa kuma ya koya masa Girkanci da Latin. A 1879 ya ci jarrabawar shiga Kwalejin Columbia da maki mai kyau har aka yafe masa kuɗin makaranta. Ya gama a 1883, ya kuma karɓi takardar zama ɗan ƙasar Amurka ana gobe bikin ba da digiri. A wannan shekara ya koma Idvor ya ga mahaifiyarsa bayan dogon rabuwa. Daga nan ya yi shekara 2 a Cambridge ta Ingila, ya wuce Berlin wurin shahararren malamin fiziks Hermann von Helmholtz, ya sami digirin dakta a 1889. Uwar ba ta ga wannan rana ba. Ta rasu yana tsakiyar karatu a Berlin. Ya dawo Columbia ya zama ɗaya daga cikin malamai biyu da suka fara sashen injiniyan lantarki, ya kuwa koyar a can fiye da shekara 40.

A ƙarshen 1895 Röntgen na Jamus ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A farkon al'amarin sai majiyyaci ya zauna kusan awa guda ba motsi kafin hoto ya fito. A watan Fabrairu na 1896 aka kawo wa Pupin wani mutum da harsasan bindigar farauta masu yawa suka shige masa hannu, zafin ciwo kuwa ba zai bar shi ya jure awa guda ba. Pupin ya ɗora wani allo mai ƙyalli a kan farantin hoton, sai hoto ya fito cikin 'yan daƙiƙu, likita ya ga inda kowane harsashi yake. Murnar ba ta daɗe ba. A watan Afrilu ciwon huhu ya kwantar da shi, matarsa Sarah, wadda ya aura a Landan a 1888, ta yi jinyarsa har ta kamu, ta rasu tun bai farfaɗo ba, ta bar masa ƙaramar 'yarsu Barbara. Baƙin ciki ya danne shi watanni, ya kasa aiki, sai da wani likita ya kai shi ƙauyen Norfolk a Connecticut ya ba shi dawaki biyu ya horar, sannan a hankali ya dawo hayyacinsa. Bai sake komawa binciken hoton ƙashi ba, bai kuma sake aure ba.

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne na tarho. A zamanin, murya takan raunana ta kuma dagule idan wayar ta yi tsawo, kamar yadda rairayi ke shanye ruwan da aka kora a doguwar lamba. Maganin da aka sani shi ne a ƙara wa wayar tagulla kauri, wannan kuwa tsada ce mai yawa. A kwatanta da igiyar guga: in ka kaɗa siririyar igiya marar nauyi cikin ruwa, motsin zai mutu nan kusa, amma igiya mai nauyi takan kai motsin nesa. Ba dole sai igiyar duka ta yi nauyi ba. In aka ɗaura mata ƙananan duwatsu a tazara daidai, kusa da juna yadda ya kamata, za ta yi aiki kamar mai nauyi. Pupin ya yi lissafin wannan tazara a kan wayar tarho. A maimakon duwatsu, akan sa waya da aka naɗe a kan zoben ƙarfe kamar gammo, a jera su a kan layi. Ya sami takardar mallakar ƙirƙirar a watan Yuni na 1900, kamfanin AT&T ya saye ta a 1901, kamfanin Siemens kuma ya sayi izinin amfani da ita a Turai. Abin da ya samu daga AT&T kaɗai ya haura dala 400,000. A 1911, da taimakon waɗannan gammaye, aka yi magana ta waya daga New York zuwa Denver, tafiyar wajen mil 2,000. Wayar hannu da muke riƙe da ita yau ba da gammon Pupin take aiki ba, zamani ya wuce nan, amma shekaru da dama su ne suka riƙe layukan nesa na duniya.

Gaskiya ta wajabta a faɗi wani abu a nan, gama ba tarihin waliyyi muke rubutawa ba. Tun 1887 wani Baturen Ingila, Oliver Heaviside, ya riga ya nuna a lissafi cewa irin wannan ƙari zai gyara tafiyar murya a waya, kuma wani injiniyan AT&T, George Campbell, ya gwada nasa gammayen a kan layi a 1899. An yi shari'a tsakanin Campbell da Pupin, hukumar ta ba Pupin gaskiya a 1904. Heaviside kuwa bai sami ko kwabo daga cinikin ba, ya mutu cikin talauci a 1925. A ganina Pupin ya cancanci yabo a kan lissafinsa, amma bai yi wa Heaviside adalcin da ya kamata ba wajen ambaton wanda ya share masa hanya.

Dukiyar dai bai ci shi kaɗai ba. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma wannan bai bar gida ba. A 1912 aka naɗa shi ƙaramin jakadan girmamawa na Sabiya a Amurka. A 1914 ya kafa asusu da sunan mahaifiyarsa don tallafa wa ɗalibai. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ragargaza Sabiya, ya tara gudummawa ga marayu da 'yan gudun hijira, ya kuma halarci taron sulhu na Paris a 1919, inda ya yi amfani da sanayyarsa da Shugaba Wilson wajen kare iyakokin mutanensa. Ya ɗauki nauyin buga littafi a kan tsofaffin majami'un ƙasarsa a Landan a 1918, ya ba da kuɗin gina gidan taron jama'a a Idvor. A Amurka kuma yana cikin mutanen farko na kwamitin binciken jiragen sama da aka kafa a 1915, wanda daga baya ya rikiɗe ya zama NASA a 1958. Cikin ɗalibansa akwai Edwin Armstrong, wanda ya ƙago rediyon FM da muke saurare.

A 1923 ya buga tarihin rayuwarsa, ya sadaukar da shi ga mahaifiyarsa, littafin kuma ya ci kyautar Pulitzer a 1924. A 1927 ya sake fitar da wani, inda ya yi bayanin cewa binciken halitta da bangaskiya ga Mahalicci ba kishiyoyi ba ne, a lokacin da masana da yawa ke koyar da akasin haka. Bai taɓa ɓoye cewa tushen wannan ra'ayi daga bakin Olimpiyada ya samo shi ba.

A ƙarshen rayuwarsa ƙafafunsa sun raunana har sai da keken marasa lafiya. Ya rasu a New York ranar 12 ga Maris, 1935, aka binne shi a maƙabartar Woodlawn. A wannan shekara Jami'ar Columbia ta sa wa ginin sashen fiziks sunansa, kuma a 2014 aka buɗe wata babbar gada a kan kogin Danub a Belgrade mai ɗauke da sunan Pupin.